Saura Bugu Uku

Ranar Asabar ce. Na tashi kamar kullum, na hura wuta, na ɗora ruwan koko. Damina tana gab da ƙarewa, kogi kuma yana hawa. Sati biyu ke nan ba mu da wata magana a garin sai ta ruwa.

Sunana Saratu. Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, domin har yanzu akwai masu komawa a ɓoye su duba gonakinsu. Yana cikin ƙasar Bagudo, a bakin kogin Kwara. Ranar kasuwar Lolo, in mutum ya hau babur da hantsi, yana isa kafin rana ta yi zafi. Iyayen mazanmu daga wajen Zuru suka zo noman shinkafa, suka zauna. Gidajen Kirista ba su kai talatin ba. Sauran garin Musulmi ne, manoma da masunta. Rijiya ɗaya muke sha.

Mu biyar ne a gidanmu. Ni, da mijina Ishaya, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ɗiyarmu Rifkatu mai shekara goma sha huɗu, da Dauda ɗan shekara uku.

Dole in yi bayanin ƙararrawa tukuna. In ban yi ba, wanda bai zauna da mu ba ba zai gane abin da ya same mu ba.

Garinmu a fadama yake kwance. Wuri ɗaya ne mai tudu, ta kudu, kuma a kansa majami'armu take. Can aka ba iyayenmu fili, lokacin da babu mai son wurin saboda nisansa da ruwa. A gaban majami'ar akwai ɗorawa. A reshenta an rataye ƙarfen ƙafar babbar mota. Shi muke kira ƙararrawa. Ishaya ne yake buga ta da guntun ƙarfen galma. Aikin mahaifinsa ne ya gada.

Magana uku kawai ƙararrawar ta iya. In ka ji ɗaya-ɗaya a hankali, sujada ce. In ka ji biyu-biyu, an yi rasuwa: sau uku in yaro ne, sau bakwai in babba ne. In ka ji ta da sauri, babu tsayawa, ruwa ne ya fasa. Kowa ya ɗauki abin da zai iya, ya hau tudu. Wannan na ukun ba na Kirista kaɗai ba ne. Kafin a auro ni an yi wata ambaliya da garin gaba ɗaya ya kwana uku a harabar majami'a. Bayanta ne liman da dattawanmu suka zauna suka shirya haka. Yaron garinmu kafin ya iya ƙirge ya san bugun ruwa.

Babu bugu na huɗu. A taron dattawa na watan da ya gabata, Ishaya ya ce a sa wani bugu saboda masu bindiga. An fara jin labarinsu a dajin da ke kudu da mu, suna kore shanu, suna hana mutane zuwa gona. Aka ce masa a bari sai bayan girbi. Da ya dawo gida ya gaya mini, ni ma na ce kada ya kira mana abin da bai zo ba. Ni na faɗi haka. Na rubuta shi a nan don kada in ɓoye rabona.

Ƙarfe shida muka zauna addu'ar safe a tsakar gida. Ishaya ya yi karatu. Inna ta yi addu'a, kuma addu'arta doguwa ce, sai ta ambaci kowa har da waɗanda suke Zuru. Dauda ya koma barci a cinyar Rifkatu. Muna shan koko sai Malam Hamidu ya leƙo ta kan darni, taru a kafaɗarsa. Maƙwabcinmu ne, masunci, yana da jirgi. Shi da Ishaya tare suka taso.

"Ladan, ka kwana lafiya?" Haka yake kiransa, wai ladanin Kirista.

"Lafiya lau, Sarkin Ruwa marar rawani."

"Ruwa ya ci yatsa huɗu a turken da na kafa. Ka sa kunne yau, kada ka hau can ka yi barci."

"In na buga, kai za ka riga kowa hawa, da kwandon kifi a ka."

Inna ta ce su biyun ba za su girma ba har su tsufa.

Ƙarfe shida da rabi Ishaya ya ɗauki guduma da ƙusoshi. Kwanon majami'a yana yoyo ta wajen da mata suke zama, yana so ya gyara kafin Lahadi. Ya ce in ajiye masa sauran kokon. Na rufe shi da faifai.

Muna da shirin ruwa a gidanmu, shi ya tsara. Akwai adaka ƙarama da muke ajiye Littafi Mai Tsarki, da katunan baftisma, da takardun makarantar Rifkatu. In an yi bugun ruwa, Rifkatu ce za ta ɗauki adakar ta bi gajeriyar hanya, wadda ta bi ta bayan rumbuna ta ratsa gonar dawa ta ɓullo bayan majami'a. Kada ta jira kowa, kada ta juyo. Ni in goya Dauda, in riƙe Inna, mu bi babbar hanya, saboda gwiwar Inna ba ta son kunya-kunyan gona. Sau biyu ya sa muka gwada, muna yi masa dariya.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin ƙararrawa ta fara. Na san lokacin domin wayata tana kan turmi, na duba kafin in ƙulle ta a bakin zane. Da sauri take, babu tsayawa. Ban yi shakkar komai ba.

Rifkatu tana wanke kwanuka. Ta shiga ɗaki da jiƙaƙƙen hannu, ta fito da adaka a ka. Ta tsaya ta dube ni. Na ce, "Je ki. Kada ki jira mu." Ta fita ta ƙofar baya.

Na goya Dauda. Na ɗauki buhun irin shinkafa rabi, na ajiye, na ɗauki tukunya, na sake ajiyewa. Inna tana tsaye a tsakar gida da sandarta, ta ɗaga hanci.

"Wanga ruwa bai da wari," in ji ta. "Kuma awaki ba su yi kuka ba."

Na ce mata mu dai tafi. Ban saurare ta ba.

Babbar hanya ta cika. Mata da tukwane, maza da buhuna, yara suna jan awaki. Wani yana ɗauke da keken ɗinki a ka. Babu mai kuka, babu mai gudu sosai. Mun saba. Ana ma gaisawa. Kowa yana waiwaye yana neman inda ruwan ya fasa, ba a gani ba. Ƙarƙashin ƙarar ƙararrawa ina jin wani gunji daga nesa. Na ɗauka injin niƙa ne.

Mun kai wajen rijiya, rabin hanya ke nan, sai ƙararrawa ta tsaya.

Bugun ruwa ba ya tsayawa sai mutum na ƙarshe ya hau. Mutane suka dakata. A cikin shirun nan gunjin ya fito sarai. Babura ne, da yawa, kuma daga bayan tudu suke. Sai harbi. Ɗaya tukuna. Sannan da yawa a haɗe, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano.

Na ga Ishaya yana gangarowa a guje. Babu takalmi a ƙafarsa. Ƙarfen galma yana hannunsa. Ya buɗe hannuwa kamar mai tare shanu.

"Ba ruwa ba ne! Ku koma! Kogi, ku nufi kogi!"

Mutane ba su gane ba. An yi bugun ruwa, ga mai bugun yana cewa a nufi ruwa. Na gaba suka juyo, na baya suna ta turowa. Tukwane suka faɗi. Akuya ta shiga tsakanin ƙafafun Inna, na riƙe ta da ƙyar. Ya bi ta cikinsu yana juya mutane da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso gare mu. Yana haki. Ya dubi bayana, ya dubi gefena.

"Ina Rifkatu?"

"Ta bi ta rumbuna."

Ya juya ya dubi gonar dawa. Dawar ta fi tsawon mutum. Daga inda muke, murya ba ta kaiwa can. Kuma ba Rifkatu kaɗai ba ce, duk unguwar yamma ta wannan hanya suke hawa. Hanyar a bayan majami'a take ɓullowa, daidai inda harbin yake.

"Kai Inna wurin Hamidu. Kada ki tsaya."

Ya ɗora hannu a kan Dauda. Ya juya ya nufi tudu.

Ishaya ɗan farin Inna ne, ba ta faɗin sunansa. Shekara goma sha shida ina gidan, "mai ƙararrawa" take ce masa, ko "wancan". Ranar ta kira sunansa, sau ɗaya, da ƙarfi. Bai waiwayo ba.

Daga baya matar fasto ta gaya mini abin da ya faru a sama. Tana shara a harabar. Ishaya yana kan rufi sai ya hango babura a jere a kan burtalin shanu, mutum biyu-biyu, wasu uku-uku, da bindigogi. Ya diro. Ya ruga gindin ɗorawa ya buga abu ɗaya da ya sani mai tada gari. Ta ce bai yi minti goma ba ya ga mutane suna hawowa da kaya a ka, sai ya saki hannu, ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya ruga ƙasa. Masu bindigar sun fara tsayawa ne a turken shanun noma da ke bayan tudu. Waɗanda suka riga kowa isowa harabar, su suka fara haɗuwa da su.

Ban san yadda muka kai bakin kogi ba. Na san Inna ta faɗi sau biyu. Na san sandarta ta ɓace. Malam Hamidu yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana riƙe da jirgi. Da ya gan mu ya fito, ya goya Inna kamar yarinya, ya sa ta a ciki. Matarsa Hajara tana ciki da yaransu.

Na tsaya a bakin ruwa. Na ce ba zan shiga ba, ɗiyata tana sama.

Hajara ta kamo zanena. "Shiga, Saratu. Na bayanki fa?"

Na shiga.

Jirgin na mutum takwas ne. Mun fi goma sha biyar. Ruwa ya kusa bakinsa. Malam Hamidu bai nufi tsakiyar kogi ba, domin can fili ne, ana ganin mutum daga gaɓa. Ya tura mu cikin gonakin shinkafa da ruwa ya shanye.

Ƙarfe takwas saura kwata ƙararrawa ta sake magana.

Ba da sauri ba. Bugu biyu. Shiru. Bugu biyu.

Malam Hamidu ya kafe gorar tuƙi a laka, ya tsaya. Na san hannun Ishaya. Ba ya gaggawa a bugun rasuwa, yakan bar ƙarar farko ta mutu kafin ya ƙara. Haka ya yi ranar ma. Ana harbi, shi yana bugawa a tsakani.

Na ƙirga. Sau uku. Na ce a raina in ya tsaya nan, yaro ne, kuma na san wace yarinya ce. Bai tsaya ba. Sau huɗu. Sau biyar.

Sai bugu ɗaya.

Na jira na biyun. Bindiga ce ta amsa, doguwa. Bayanta babu ƙararrawa.

Malam Hamidu ya faɗi abin da Musulmi suke faɗi in an yi rasuwa, a hankali, kansa a ƙasa. Inna ba ta yi kuka ba. Na dubi hannuwanta a kan cinya. Na dama yatsu biyar a buɗe. Na hagu yatsa ɗaya. Haka ta riƙe su har muka yi nisa.

Wajen ƙarfe tara muka ji babura a bakin ruwa, inda muka baro. Suna harbin jiragen da suka bi ta tsakiya. Malam Hamidu ya shigar da mu ƙarƙashin wata giyayya da ruwa ya kai wa ƙirji, rassanta suna taɓa ruwa. Ya ce, "Ku kwanta. Ban da magana." Ya sauka cikin ruwa har wuya, ya riƙe jirgin da hannu don kada ya motsa.

Awa uku muka yi a wurin. Jirgin yana shan ruwa, mata biyu suna kwarfewa da ƙwarya a hankali don kada ta yi ƙara. Tururuwa da ruwa ya kora kan bishiyar suna zubo mana. Dauda ya fara kuka. Na rufe bakinsa da tafin hannu. Ya cije ni. Hajara ta ciro busasshen kifi daga bakin zanenta ta sa masa a baki. Na sa bakina a kunnensa ina yi masa waƙar da muke yi a zumuntar mata, ba da kalmomi ba, da numfashi kawai. Ya yi shiru.

Ta tsakanin ganye muna ganin hayaƙi. Na farko daga wajen tudu. Sannan daga tsakiyar gari. Kowa yana lissafin gidan wa ke nan, babu mai faɗi.

Na yi ƙoƙarin yin addu'a. Abin da ya fito kawai shi ne sunanta. Na yi ta maimaita shi. Na ce Ubangiji ya san sauran.

Bayan sha biyu harbin ya ragu. Muka ji kukan shanu ana kora su kudu. Malam Hamidu ya hau jirgi, jikinsa duk matsattsaku. Ya tura mu yamma, ta gefen gonaki, muna hawan ruwa. Rana ta tsaya a ka. Babu wanda ya nemi ruwan sha, da hannu muke ɗiba daga kogi.

Ƙarfe biyu muka kai inda jirgi ba ya wucewa. Ya sauke mu a wata gaɓa, ya nuna mana hanyar ƙafa. Ya ce mu bi ta, kada mu ratse, za ta kai mu wani ƙauye a ƙasar Benin inda yake da abokan kamun kifi. Shi zai koma ya nemo wasu. Hajara ba ta hana shi ba.

Na ce, "Malam, Rifkatu."

Ya ce, "In tana bakin ruwa, zan gan ta."

Muka taka. Wasu samari biyu suna karɓa-karɓa wajen goyon Inna. Ƙafata ɗaya babu takalmi, na yar da ɗayan. Babu wata alama da na gani a hanya sai wani guntun ginshiƙin siminti cikin ciyawa. Da muka wuce shi Inna ta ce, "Mun shigo Dahome." Haka tsofaffi suke kiran ƙasar.

Ana kiran sallar la'asar muka isa. Mutanen garin Dendi ne, amma da yawansu suna jin Hausa. Ba su tambaye mu addini ba. Suka buɗe mana azuzuwan makarantar firamare, suka kawo tuwon masara da ruwa. Kafin magariba wani jandarma, jami'in tsaron ƙasar, ya zo da takarda yana rubuta sunaye. Ya tambaye ni mu nawa ne a gidanmu. Na ce biyar. Ya dube mu ya ƙirga da biro. Ya ce uku yake gani. Na ce ya rubuta biyar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta.

Ban yi barci ba. Gari ya waye Lahadi.

Kiristocin da muka iso muka taru a gindin mangwaron makarantar. Fasto ba ya cikinmu. Muka zauna muna kallon juna, babu wanda ya san yaushe za a fara, domin tunda aka haife mu ba mu taɓa fara sujada ba tare da an buga ba. A ƙarshe matar fasto ta miƙe ta ɗauki waƙa. Muryarta ta karye a layi na biyu. Inna ta karɓa. Ni na zauna a gefe inda nake ganin hanya. Duk ayarin da ya ɓullo sai in tashi. Sau huɗu na tashi na koma.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci wani ayari ya ɓullo, sun fi ashirin. 'Yan unguwar yamma ne. Malam Hamidu yana gaba. A tsakiyarsu na hango adaka a kan wata. Adakar na fara ganewa kafin fuskar.

Ƙafafunta duk sun tsattsage. Ba ta sauke adakar ba sai da na sa hannu na sauke mata. Wuyanta ya ƙage. Ta ce, "Mama, ban jira kowa ba." Na ce na sani.

Ga abin da ta gaya mini. Ta kusa ƙarshen gonar dawa, har tana hango bangon majami'a, sai ƙararrawa ta tsaya, harbi ya fara. Ta tsaya. Babanta ya ce in an yi bugun ruwa kada ta juyo. 'Yan unguwar yamma suka taru a bayanta a kan siririyar hanyar, Kirista da Musulmi. Suka fara gardama. Wasu suka ce 'yan banga ne suke harbi sama don a yi sauri. Wasu suka ce ruwa yana bayansu, ba za su koma da yara ba. Har na gaba sun fara matsawa. Sai bugun biyu-biyu ya fara. Wani tsoho ya ce wa ya rasu kuma a wannan lokaci. Rifkatu ta ce musu, "Baba ba ya haɗa bugu. Ba ruwa ba ne. Mutuwa ce a sama."

Suka kwanta cikin dawa. Suka ja ciki zuwa yamma har suka faɗa wani rafi. A cikinsa suka wuni, suka kwana. Da safe Malam Hamidu ya ji kukan jariri cikin ciyawa.

Na tambaye ta ko ta gan shi. Ta ce ta ga bayansa, ta tsakanin kara. Ba ta ƙara ba. Ni ma ban ƙara tambaya ba, har yau.

Ranar Laraba maza suka koma tare da jami'an tsaro don binne mutane. Ba a bar mata sun je ba. Malam Hamidu ya ce rami ɗaya suka fara tona wa nasu, sannan suka hau tudu suka tona wa namu, da fartanya ɗaya. A gindin ɗorawa suka sami Ishaya. Majami'ar ta ƙone. Ƙararrawar tana nan a rataye, ba su taɓa ta ba. Ya kawo mini ƙarfen galmar a naɗe cikin hularsa. Ya miƙo mini da hannu biyu. Ya juya ya tafi.

Wata bakwai ke nan muna nan. Mun bar makarantar, an ba mu fili mun kafa bukkoki. Ina sussukar shinkafa a gonakin mutane. Rifkatu ba ta koma makaranta ba, ta nan da Faransanci ake yi. Dauda in ya ji an buga tukunya sai ya ruga ya riƙe ƙafata.

Akwai masu cewa ƙararrawa ce ta kashe mutane. Asabe, wata 'yar majami'armu, tana cikinsu. Gidanta ne mafi kusa da tudu. Mijinta da ɗanta babba suna cikin waɗanda suka fara isa harabar, da buhuna a ka. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata ba. Ba na gardama da ita. Gaskiya ne bugun farko ya kai mutane tudu. Gaskiya ne na biyu ya juyo da wasu. Ban iya ɗora wannan a kan wancan in ce mata an biya ba. Kullum da safe Rifkatu tana ɗebo ruwa tulu biyu, ina ajiye ɗaya a ƙofar bukkar Asabe. Watanni uku na farko tana barinsa a wurin har rana ta faɗi. Yanzu tana shigar da shi. Ran Lahadi tabarma ɗaya muke zama. In an zo wurin addu'a inda ake roƙon gafara gwargwadon yadda mu ma muke yafewa, ina jin ta yi shiru. Ni ma shiru nake yi. Sai a wuce wurin, mu ci gaba tare da sauran.

Ranar da aka cika wata ɗaya, Rifkatu ta samo bakin tsohuwar fartanya ta rataye a jikin mangwaro. Ta ɗauko ƙarfen babanta daga adaka. Ta ce za ta ƙarasa masa. Inna ta riƙe hannunta.

"A can ya fara," in ji ta. "A can za a ƙarasa."

Rifkatu ta mayar da shi. Yana cikin adaka, tare da Littafi da katunan baftisma biyar.

Mutum goma garinmu ya rasa a ranar. Uku Musulmi, bakwai namu. Fasto yana ciki. Biyu yara ne. Babu wanda aka buga wa ƙararrawa a cikinsu, domin mai bugawar shi ne na goman.

Na babba sau bakwai ne, biyu-biyu. Ishaya ya buga biyar, da ɗaya. Saura bugu uku.